Katin Baba Manzo ya shiga fata

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ce, lakkol ma aji uku na tsaya. Amma haƙorina na gaba yana motsi, kuma sai na faɗi dalili.

Baba Manzo, wan mahaifina, baduku ne a Korgom. Fari ya cinye shanunsa, saura biyu ya sayar ya biya kujerar Makka. In wannan ta kuɓuce, babu wata. Ni aka haɗa shi da ni zuwa filin jirgi, don ina iya karanta lamba.

Masu biro, Allah ya ƙara musu sanyin fanka, suka ce a zo da asubar Talata, wanda ya makara ya huta. Muka zo tun Litinin. Ranar Talata wani mushe, ma'aikacin filin jirgi, ya miƙa wa Baba katin shiga jirgi, ya ce, "Tsoho, ya ɓata ko ya jiƙe, ba Makka."

Jirgi bai tashi Talata ba, bai tashi Laraba ba. An ce ana jiran Mai Girma Uban Tafiya, wanda agogonsa ke da ladabi, ba ya motsi sai ya gama kalaci.

Kwana biyu baduku yana zaune, kati a hannu, gumi na zuba. Ya ciro jar fata da basilla ya ɗinke katin tsaf kamar laya, ya rataya a wuya. Tsofaffi goma sha ɗaya suka gani suka yaba, shi ma ya ɗinke musu nasu, don Allah.

Alhamis da hantsi Mai Girma ya iso da akwati shida, ya wuce ƙofar bincike ana sara masa. Kati? Ai fuskarsa ta isa. Sai aka hau yi mana ihu mu yi sauri, mun ɓata wa jirgi lokaci. Aka karɓe wuƙa da basillar Baba, doka ce.

Jandarma ya ce, "Baba, kati."

Baba ya nuna wuyansa.

"Mi ne ne wanga?"

"Kati ne, yaro. Ko ruwan sama bai taɓa shi."

"To buɗe."

"Da mi? Kun amshe wuƙar. Kai yanke."

Jandarma ya ja da baya, bindiga da komai. "Ni in yanke laya? Baba, ina da 'ya'ya huɗu!"

Aka kira na gaba da shi, shi ma ya sa hannu a aljihu. Lasifika ta ce kira na ƙarshe. 

Ni da ban taɓa ɗaga ido gaban mai kaki ba, na kama wuyan Baba na sa haƙori a zare. Jama'a, Baba Manzo ba ya ɗinkin wasa. Na tsinke nasa, sauran suka yi layi suna miƙo wuya kamar awaki a rijiya. Wata Hajiya Halimatu har cewa take, "'Yar nan, a hankali, fatar zan mayar gida."

Duka goma sha biyu suka shiga, Baba na ƙarshe, takalmi a hannu.

Ina gode wa manya da wannan tsari mai kyau. Roƙona ɗaya: ranar dawowar alhazai an ce mu zo tarba da asuba, don Allah a gaya mana asubar wane mako.