Yanyawar da Na Shafa wa Baƙin Mai

Wahala dai na sha ta, kuma ba wanda ya aike ni. Ko zan manta komai na auren ɗiyata ta fari, ba zan taɓa mantawa da satin nan ba.

Gidana ne na ƙarshe a unguwarmu a Lafagu, daga katangata sai gonaki. Bayan katangar akwai tsohon suri, a gindinsa yanyawa suka yi rami tun kafin in yi ginin. Mun saba da juna. Sukan ɗauke ɗan tsako jefi-jefi, in yi zagi in haƙura, don ɓerayen da suke kama mini a bakin rumbu sun fi 'yan tsakin yawa.

Sai bara uwarsu ta lalace. Gashi ya zube, wutsiyar nan mai buzu-buzu ta koma kamar igiya, fata duk ɓawo. Dabbar da ba ka ganinta sai magariba, ga ta da rana tsaka a jikin katanga tana susa. Ba a yi kwana goma ba karena ma ya kama. Ƙazuwa ce, na san ta. Ni kuma abin da na tashi na gani, in akuya ta yi ƙazuwa baƙin mai ake shafa mata, wanda aka juye daga inji. Na shafa wa kare. Sai na ce in ban yi wa mai kawo cutar ba, aikin banza na yi. (Har zuwa nan, a ganina hankali nake yi.)

Na je bakin gulbi na ari birgi, tarun nan da ake wurgawa, wurin wani abokina masunci. Ya ce, "Kai da ba ka iya ko shiga kwalekwale, mi za ka yi da birgi?" Na ce ya dai ba ni. Kwana uku ina fako da hantsi. Ranar farko kazar maƙwabci na kama. Ta biyu na kama ƙafata. Ta uku na rufe yanyawar. Na danne da buhu, na lafta mata mai tun daga kunne har wutsiya. Tana kuka, ina cewa, "Yi haƙuri, taimakonki nake yi." Man ya sa ta yi sulɓi, ta yaga mini hannun riga ta fice.

Bayan kwana biyu mata masu zuwa rijiya suka watsar da bokitai suka dawo da gudu. Wai sun ga wani abu baƙi ƙirin, yana sheƙi, ba gashi, kunnuwa tsaye. Kafin la'asar ya kai girman akuya. Washegari ya kai maraƙi, idanunsa na wuta, kuma wai daga Benin ya ƙetaro. Mai unguwa ya tara mafarauta. Liman ya ce a yi addu'a bayan azahar.

Da ni aka yi addu'ar. Na ɗaga hannu, na ce amin, na shafa.

Za ku ce me ya hana ni magana. Da farko kunya, a ce magidanci mai furfura ya kwana uku yana bin yanyawa da taru. Daga baya kuma ni kaina na rikice. Tawa ba ta fi mage ba, wannan kuwa maraƙi. To ko biyu ne? Ko man ne ya kumbura ta? Har na fara jin tsoron zagayawa bayan gidana.

Ana haka sai ƙaiƙayi ya taso mini. Wuyan hannu, ciki, ƙugu. Maiɗakina ta ce, "Malam, lahiya kake ta susa haka?" Na ce ƙurajen zafi ne. Ta dube ni, ta dubi kare.

Ranar Juma'a ce ɗaurin auren. Dangin ango Dendawa ne daga ƙetaren iyaka, mutane masu natsuwa. Na ce ba zan zauna gaban surukai ina susa ba. Da safe na kulle ɗaki, na ɗauko ragowar man nan, na shafe ciki da hannuwa, na sa 'yar ciki, na ɗora farar shadda sabuwa fil. (Kada ku tambaye ni. Na tambayi kaina ya fi a ƙirga.)

Bayan an sauko daga masallaci aka zauna kan tabarmi a ƙofar gida. Wana ne waliyyi, ni aikina in zauna gefe in sunkuyar da kai. Rana kuwa ta buɗe, na ji abu na gangarowa a jikina. Kafin a raba goro kawun ango, wani tsoho mai farin gemu, ya gyara murya.

"Ku yi muna haƙuri. Labarin abin ga da anka gani ya kai garinmu, an ce bayan gidan ga yake shiga. Matanmu sun ce ba su zuwa ɗaukar amarya, uwar yaro kuma ta ce a dakata har a san ko mine ne. Mu bar shi sai bayan kaka."

Daga cikin gida ina jin guɗa, ba su san me ake ciki ba. Yarinyar nan an yi mata lalle, an ɗaure kayanta. Wana ya dube ni, ni ma na dube shi. Sai na ji na miƙe.

Na ce, "Ba aljani ba ne. Yanyawa ce. Ni na shafa mata baƙin mai."

Na zaci shi ke nan. Ina! Wani mafarauci ya ce, "Kai, zamna! Ni na gane shi da idona, ya kai maraƙi." Wani ya ce kunyar baƙi ce ta sa nake ƙarya. Na rantse, ba su yarda ba. Sai liman ya shaƙi iska ya ce, "Jama'a, wa ya kawo inji nan?" Duk aka juyo kaina. Na duba. Farar shaddar nan daga ƙirji har cinya ta zama taswira, baƙi ya huda ta ko'ina. Tunda abin ya kai haka, na naɗe hannun riga na nuna musu ƙurajen, na ba da labari tun daga birgi.

Kawun ango ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To Malam, kai da yanyawar, wa ya shafa ma wani?"

Liman sai da ya rufe fuska da rawani. Mafaraucin kuwa har yau ba ya gaishe ni. Aka ɗaura aure, amma da aka shafa fatiha kowa ya yi musabaha da na kusa da shi, ni aka ɗaga mini hannu daga nesa.

Kafin su hau babura tsohon ya ja ni gefe, ashe makiyayi ne. Ya ce man nan ƙona fata yake yi, in yanyawar ta lashe ma yana iya kashe ta. Akwai magani wurin malaman dabbobi, a cikin ƙwai ake sawa a ajiye mata bakin rami, ba kokawa. Ni kuma in tafi asibiti, in dafa tufafina.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ga gari ya taru yana addu'a kan abin da kai ka aikata, ka yi magana kafin a shafa.

Da gari ya waye na wanke kare da sabulu, na hau babur na nufi Bagudo. Malamin dabbobi ya ɗauko takarda ya ce, "Dabba nawa ne, kuma wace iri?"

Na ce, "Uku. Kare ɗaya, yanyawa ɗaya." Na miƙa masa hannuna.