Rasuwar Kaset Ɗin Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni da Mama da Yaya da Auta muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗin bidiyon gidanmu, wanda ya cika a kan teburin mai gyaran tsofaffin hotuna bayan doguwar jinya.

Marigayin ya zo duniya ranar da Kawu ya aro kyamara ya ɗauki Baba a shagonsa na kafinta. Shi kaɗai ne ya riƙe mana motsin Baba da muryarsa. Auta, da aka haifa bayan rasuwar Baba, a jikinsa ta san ubanta. Kaset ne mai haƙuri. In aka tura shi cikin na'urar bidiyo sai ya ce ƙurrr, ƙas, sannan Baba ya ɗago daga kan katako ya ce, "Kai, kashe abin nan ka zo ka kama mini." Ko sau goma Mama ta ce a mayar baya, bai taɓa ƙorafi ba.

Ciwon ya fara ne da yoyon rufin ɗaki. Ruwa ya shiga akwatin da yake kwance tare da hotunan gida. Hotunan suka manne da juna, suka riga shi tafiya. Shi kuma fumfuna ta kama shi.

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya goge zaren a hankali, ya juye shi a kwamfuta, ya ce sau ɗaya kawai zai iya jure juyi, haka kuwa aka yi. Abin da ya fito duk zane ne da ɗigo-ɗigo, kamar ana kallon Baba ta cikin ruwan sama. Kwamfutar ta bi hoton tana gano lalacewa, tana zagaye kowace da jan layi, tana cikewa. Muna zaune a benci, ba mai abin yi sai kallo. Zarto ya fito tas. Rigar Baba ta fito har da aljihu. Sannan fuska ta fito, sumul, kyakkyawa.

Mama ta gyara tabarau ta matsa kusa. Ta daɗe.

"Wannan bawan Allah waye?" ta ce. "Ina tabon?"

Baba yana da tabo a kunci, inda ƙusa ta taɓa yankarsa. Kwamfuta ta ɗauka shi ma lalacewa ne, ta share. Mai gyara ya dawo da juyin farko, muka yi ta ƙura ido. Zane ya fi a ƙirga a fuskar, ba wanda ya iya nuna wanne ne na Baba.

"Mama, ki gaya mini inda yake, sai in mayar," in ji shi.

Yaya ya ce dama. Na ce hagu. Mama ta ɗaga hannu zuwa kuncinta, ta sauke.

Marigayin ya bar na'urar bidiyon da ba ta da sauran abin ci, da rimot marar murfi, da kwalinsa mai rubutun Kawu, da wani baƙo a kwamfuta sanye da rigar Baba.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a falon Mama. Ba za a binne shi ba, Auta ta hana. Za a naɗe shi a ɗora saman kabad. Masu cewa ai yanzu komai yana gyaruwa, don Allah su yi haƙuri su bar maganar a bakin ƙofa. Wanda kuma ya taɓa zama kusa da Baba a shago, ko ya yi sahu da shi, muna roƙonsa ya zo da wuri, ya tuna da kyau kafin ya yi magana.