Ranar da na toshe wa injin surukina numfashi

Ko zan manta da komai a sana'ata, ban da ranar da surukina ya tuƙo ni a kwale-kwale kamar buhun masara. Ni bakaniken babur ne a Gwarzo, shekarata goma sha huɗu ina kwance inji ina ɗaurawa. Matata Hajara kuwa 'yar masunta ce daga wajen Kabo, kuma tun da na aure ta danginta ke min kallon mutumin kirki wanda ba shi da amfani a bakin ruwa. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Sai ga dama ta samu. Farfelar tsohon injin kwale-kwalen Baba, mahaifinta, ta daki kututture ta karye, ya aiko da injin gidana a bayan a-kori-kura. Karo na farko ke nan da ya nemi wani abu a wurina. Na shiga Kano na samo farfela ta hannu, na zura ta, ta zauna daram.

Amma abu biyu suka tsaya min. Na farko, na duba injin sama da ƙasa ban ga salansar fitar da hayaƙi ba. Na biyu, tsakiyar farfelar duk ramuka ne, har kana hango cikin injin. Na ce lallai ruwa zai shiga ta nan ya kashe wa Baba inji. Na kwaɓa gam ɗin ƙarfe na cike ramukan tas, na goge, har fenti na shafa (ja, don a san aikin gwani ne).

Hajara ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya.

"Maigida, ramukan nan fa ta nan hayaƙi yake fita."

"Hayaƙi a cikin ruwa?" na ce. "Hajara, ke da inji ina kuka haɗu? Je ki duba tukunyarki."

Ta ce to, ta ci gaba da shararta.

Ranar gwaji na sa sabuwar shadda. Masunta sun taru a bakin dam, aka gaisa aka sake gaisawa. Na ja igiya sau ɗaya injin ya tashi, yana ƙara a hankali, lafiya lau. Aka yi ta "Ma sha Allah". Kaina ya kumbura, har na yi musu ɗan jawabi cewa na tarar da farfelar da ramuka na gyara, kuma duk mai irin wannan matsala ya same ni a Gwarzo. Na lura wasu sun kalli juna, na ɗauka mamaki ne.

Baba ya ce, "Malam, shigo mu zaga."

(Ban iya ruwa ba. Ban faɗa ba.)

Muka ɗan matsa a hankali, Baba ya murɗa totur. Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Na ja igiya ya tashi, aka murɗa ya mutu. Sau bakwai. Na cire fulogi na hura na mayar, don dai a ga ina wani abu. Iska kuma tana ta tura mu tsakiya, gumi ya jiƙa shaddar.

Baba ya ɗago ƙafar injin daga ruwa, ya daɗe yana kallon jan fentina. Ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Ko iska ba za ta wuce ba."

Ya ɗauki filafili ya fara tuƙi. Ku tuna, wannan mutumin ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, ko abinci ba na ci a gabansa. Ga shi muna zaune gwiwa da gwiwa, dattijo mai furfura yana tuƙa ƙato, babu inda zan kai fuskata sai ruwa. Na ce ya ba ni in taya shi. Ya ba ni, muka juya sau biyu a wuri ɗaya, ya karɓi abinsa.

Dab da gaɓa, inda kowa ke ji, ya tambaye ni cikin natsuwa:

"Ita mutuniyar ba ta gida ne da kake aikin? Ai tun tana 'yar shekara tara ita ke zare min ciyawa daga ramukan nan."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi min sauƙi.

Kwana biyu na yi ina fasa gam da kurfi da guduma. Hajara kuwa kujera kawai ta jawo ta zauna, in na gama rami ɗaya ta nuna min na gaba da tsinken tsintsiya.

Har yau Baba yana aiko min da injinsa in ya lalace, kuma ina jin daɗin haka. Sai dai direban da ke kawowa kullum da saƙo ɗaya yake zuwa: "Baba ya ce a gaishe ka, kuma a jira sai tana nan." Ni ma yanzu kafin in toshe kowane rami a duniya, sai na leƙa madafa na yi tambaya.