Yadda Ake Biyan Bashin Makarantar Kitso Ba Tare da An Ja Saniya Ba

Ke da kika gama makarantar kitso da gyaran gashi, takardar shaida a bango, bashi a wuya, matso kusa. In kika bi matakan nan biyar daki-daki, na yi miki alkawari za ki biya bashinki har ki yi ƙiba. Ni dai ban taɓa riƙe tsinken kitso ba. Shayi da capati, wato gurasarmu ta nan, nake sayarwa a kasuwar Nyahururu, amma shekara guda teburina yana jingine da shagon Nyokabi, bangon kuwa na kwano ne, ba abin da ba na ji.

Mataki na ɗaya: Yi lissafi da bakin mai makaranta

Zai ce miki kai ɗaya shilin dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a rana kai huɗu. Ninka. Kada ki tambaye shi inda kawunan suke, rashin kunya ne. Haka Nyokabi ta ninka a bayan kwalin sabulu, ta ga wata ɗaya ya ishe ta biyan dubu tamanin, har ta fara zaɓen launin mota. Ta ci bashin a adashin matan cocinsu, uwarta ta sa saniyarta ɗaya tilo jingina. Sharaɗin ba wuya: dubu huɗu duk wata, in an tsallake wata uku a jere, a zo da igiya.

Mataki na biyu: Koya a kan dangi

Makaranta za ta ba ki kan roba. Kan roba ba ya ihu, don haka ba ya koyar da komai. Nemi kai mai rai. Nyokabi ta koya a kan gwaggonta Wangeci, da matan baffanninta, da 'ya'yansu. Tsakani da Allah Gwaggo Wangeci ta sha wuya, don akwai ranar da man gashi ya ƙone mata ƙeya, ta yi mako biyu tana kwana rub da ciki.

Mataki na uku: Buɗe shago ki ga kasuwa

Tun ranar da Nyokabi ta buɗe, bencinta bai huta ba, kuma duk dangi ne. Baƙuwa in ta leƙo ta ga layi, sai ta ce yarinyar nan ta iya, ta wuce shagon gaba inda ba a jira.

"Gwaggo, dubu ɗaya da ɗari biyar ne fa," in ji Nyokabi wata rana, murya ƙasa-ƙasa.

"Dubu me? Ke Nyokabi, a kan wa kika koya? Taɓa nan. Taɓa mana! Har yau gashi bai sake tsira a wurin ba. Ai ni ya kamata ki riƙa biya."

Masu kunya a cikinsu sukan kawo kabeji, marasa kunya su sa mata albarka. Karɓi duka, amma kada ki kai wa uwar adashi. Nyokabi ta gwada.

"Yarinya, littafina ba shi da gurbin kabeji," in ji Mama Gathoni, uwar adashi. "Wata biyu kin tsallake, ga na uku. Litinin dubu goma sha biyu, ko mu je mu gaisa da saniya."

Mataki na huɗu: Jira biki, ki yi rabin kai

Aka yi sa'a ranar Asabar ɗin za a kawo dukiyar auren 'yar Gwaggo Wangeci. Ranar ce mata ke kulle ƙofar gida su tsaya suna waƙa, dangin ango ba su shiga sai sun ajiye kuɗin buɗewa. Babu macen da ke tsayawa a bakin ƙofar nan da kai buzu-buzu.

Ran Juma'a Nyokabi ta kitse ɓangaren dama na kai takwas, har da na Gwaggo, kitso irin wanda ba ta taɓa yi ba. Sai ta ce yatsunta sun sage, su dawo da safe. Da suka dawo, suka tarar da ita ta harɗe hannu, ga rubutu a jikin madubi: dama na zumunci ne, hagu na makaranta.

"La! Yau 'yar ƙanena ce za ta tare ni da kuɗi?" in ji Gwaggo Wangeci.

"Gwaggo, ku ma anjima ƙofa za ku kulle wa baƙi sai sun biya. A wajenku na gani."

Mutum bakwai suka biya, suna biya suna tsine wa makaranta. Da rana kuwa suka ninka kuɗin buɗe ƙofa don su fanshe, sai da baffan ango ya ranto a wajen direban da ya kawo su. Ita Gwaggo ɗankwali ta ɗaura har gira, ta yi bikin 'yarta a haka. Yau mako uku, ba ta tsefe ba, ba ta biya ba, kuma ba ta amsa gaisuwa.

Mataki na biyar: Ƙirga, amma sau ɗaya

Kai bakwai, dubu goma da ɗari biyar. Saura dubu ɗaya da ɗari biyar. Ranar Lahadi bayan coci Nyokabi ta ƙirga sau biyar ko kuɗin za su haihu, ba su haihu ba. Sai ga uwarta, wadda ba ta taɓa zama a bencin nan ba, don ita da almakashi take rage gashinta ta ɗaura ɗankwali. Ta zauna, ta kwance bakin zane, ta zube tsofaffin takardun kuɗi da tsaba.

"Kitso na zo."

"Mama, gashinki bai kai a kama ba."

"Ba makaranta kika je ba? Kama."

"Ni ba zan karɓi kuɗinki ba."

"Wa ya ce nawa ne? Na nonon saniya ne. Ita ta aiko ni, ta ce ba ta son gidan Mama Gathoni."

Awa uku Nyokabi ta yi tana kamun gashin nan, layi huɗu rak, tana yi hawaye na ɗiga a kan uwarta. Ni ma da ke bayan kwano sai da na goge ido, na kuma ƙona capati shida. Litinin saniya ta kwana a turkenta.

Gargaɗi

Saura wata takwas a kan Nyokabi, 'yan matan da suka rage a dangi kuwa biyu ne, ɗaya ma ta ce ita sistar coci za ta zama, ba ruwanta da aure. Don haka in kin bi matakan nan gwaggonki ta daina yi miki magana, ko ango ya juya daga bakin ƙofa, ba ruwana, ban san ki ba, ban ma iya rubutu ba. In kuwa ba ki da uwar da za ta zo da gashin da bai kai gaɓar yatsa ba ta ce a yi mata kitso, kada ma ki fara mataki na ɗaya.