Yadda Na Kashe Tsirran Hajiya da Ruwan Alwala

Ba zan taɓa mantawa da sati ukun da Hajiya, shugabar ofishinmu, ta tafi Umara ta bar mini amanar tsirranta ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

A lokacin ina aiki a wani ofishi a Dutse, kuma ana shirin buɗe wurin renon dashen itatuwa, ana neman wanda zai riƙe shi. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Duk inda aka zauna sai na sako zancen cewa ni ɗan manomi ne daga Buji, a lambu aka yaye ni, ga kuma takardar shaidar karatun aikin gona (wadda na sa a firam na rataye daidai inda mai shigowa zai fara gani). Hajiya ce za ta zaɓi mutumin, ta kuma ce sai ta dawo.

Tsirran guda uku ne a 'yan kasake a bakin tagarta, irin masu kaurin ganyen nan da suke ajiye ruwa a jikinsu. Ɗaya alobera ce, biyun kuma ganyensu a jere yake zagaye kamar fure. 'Yarta ce ta kawo mata su, tana ji da su ƙwarai. Ranar da za ta tafi ta fara yi mini bayanin yadda ake kula da su, ni kuwa na katse ta da murmushin masana, na ce ranta ya daɗe kada ta wahalar da bakinta. (A nan ne ya kamata wani ya toshe mini baki.)

Da na taɓa ƙasar kasaken na ji ta bushe ƙamas, har tsakuwa a ciki, sai tausayi ya kama ni. A raina na ce manyan nan ba su san shuka ba. Na fara ba su ruwa safe da yamma. Kwana shida sai ganyen ya fara langaɓewa. To mu a lambun babanmu, in tumatir ya sunkuyar da kai magana ɗaya yake yi, ƙishirwa. Na ƙara ruwa. Suka ƙara langaɓewa. Na yanke hukunci cewa buta ɗaya ba za ta ishe su ba.

Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka ilhama ce. Na kwashi kasaken na kai bayan ofis inda muke alwala, na jera su, na sanar da jama'a cewa daga yau kowa a kansu zai yi alwala. Ruwa bai tafi a banza ba, shuka ta sha, ga lada. Har limaminmu, Malam Sabo na sashen ajiyar kaya, ya yaba mini bayan sallar azahar. Ku ƙiyasta maza wajen ashirin, azahar da la'asar, kowa da butarsa, wasu ma har da ƙarin sadaka.

Mutum ɗaya ne bai bi layi ba, wato Baffa maigadi, wani dattijo da ya yi kiwo shekaru kafin ƙafa ta gaza. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kasaken, sannan ya ce, "Malam, irin waɗannan a tsagin dutse nake ganinsu, inda ko akuya ba ta samun abin lasa. Anya ba ruwan ne yake damunsu ba?"

Na yi masa bayani mai tsawo, da Turanci a ciki don ya ji nauyi. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya koma kan bencinsa.

Ana jibi Hajiya za ta dawo ganyen ya zama ruwan ɗorawa, ya yi luguf, in ka taɓa sai yatsa ya nutse. Amma girman kai bai bar ni na tambayi kowa ba. Na samo tsinken tsintsiya da zare na tallafe kowane ganye ya miƙe, na goge kasaken tas. Daga nesa ba laifi.

Ranar Litinin duk ma'aikata muka taru a ofishinta yi mata barka da dawowa, ana rabon dabino da zamzam. Tana cikin amsa gaisuwa ta tambayi tsirranta. Na shigo da su a kan faranti, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga ganye ɗaya na aloberar, sai gaba ɗaya kan tsiron ya biyo hannunta, gindin ya ruɓe baƙi ƙirin, ruwa na ɗiga a kan takardunta. Warin da ya tashi ya sa masu cin dabino suka dakata.

Ina neman abin faɗa, sai Malam Sabo, da zuciya ɗaya, don ya cece ni, ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa. Sati biyu cur ba wanda ya yi alwala a wani wuri sai a kansu."

Hajiya ta dube shi, ta dubi zaren da tsinken, sannan ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Sau ɗaya a sati biyu ake ba su ruwa. Abin da na so in gaya maka ke nan."

Ban san da wace ƙafa na fita ba. Da yamma Baffa ya shiga wurinta da wani gwangwanin madara. Ashe tun ranar da na yi masa lacca ya ɓalle ɗan ƙaramin reshe daga gindin aloberar, ya dasa a yashi cikin gwangwanin ya ɗora kan katanga ya manta da shi. Yana nan kore shar, a miƙe, ba tsinke ba zare.

Wurin renon itatuwan wani aka ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Ni abin da na samu shi ne suna, don har na bar ofishin Sarkin Ruwa ake kirana. Yanzu in na ga ganye ya langaɓe, yatsa nake fara tsomawa a ƙasar kafin in ɗauki buta. In kuma wani ya fara yi mini bayanin abin da nake ganin na sani, sai in kama bakina da hannu biyu har ya kai aya.