Taskar Abu Malaf

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka bai san Ustaz Mahmudu ba, to ya tuhumi kansa, don shi Ustaz ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar cika wuri. In zai shigo lungu, turarensa ke fara yin sallama, tumbinsa ya biyo baya, can daga ƙarshe shi kansa ya iso yana ɗaga wa mutane hannu tun ba su gaishe shi ba.

Shekara talatin ya yi yana mu'aƙƙib, wato mai bi wa mutane takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Babu tagar da bai tsaya a layinta ba, kuma a ganinsa wanda ya daɗe a bakin tagar hukuma ya zama yanki na hukumar. Da zamani ya mayar da komai cikin waya sai aikin ya bar shi, amma shi bai bar fayil ba. Wani baƙi ne na fata, kullum yana maƙale a hammatarsa, masallaci da shi, ɗaurin aure da shi, har maƙabarta. Shi ya sa 'yan unguwa suka raɗa masa Abu Malaf, uban fayil. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce jama'a ba sa rasa gane nasu.

Abu ɗaya ya dame shi. A garin da mai sayar da ruwan sanyi ma Alhaji ne, laƙabin Alhaji ba ya ɗaga kowa. Don haka ya sa aka yanka masa hatimi mai ɗauke da "Jagoran Al'umma Kuma Ma'ajin Tarihinta". Ba a yi zaɓe ba, ba a kuma yi gardama ba, domin ba wanda ya ji labarin.

Wata Talata aka kira shi a waya. Wata Dakta Mubina ce daga wata jami'a a Nijeriya. Ta zo Umra tare da maigidanta, kuma aikinta shi ne tattara takardun tsofaffin alƙalai da malamai da lauyoyi da 'yan siyasar lardin Zazzau. Ta ce an shaida mata cewa kakansa, Alƙali Yakubu, wanda ya bar kujerarsa ya taho Makka a ƙafa tun zamanin Turawa, ya bar rubuce-rubuce. Ko za a ba ta izini ta gani ranar Alhamis?

Cikin duk wannan bayani, kunnen Ustaz kalma uku ya kama: takardun manyan mutane. Ya ajiye wayar a hankali, ya dubi matarsa Rabi'atu.

"Ya Ummu Sami, tarihi ya iso ƙofar gidan nan. Na daɗe da sanin zai zo. Jinkirinsa kawai ya ba ni mamaki."

Rabi'atu ta ce ita dai kamar sunan kakansu ta ji an ambata. Ya ce haka masana ke yi, da tushe suke farawa kafin su hau kan itacen.

Kwana biyu gidan bai huta ba. Ustaz ya zazzage kowace durowa. Ya samo kwalaye goma sha ɗaya masu ƙarfi, irin na dabino, ya buga wa kowanne hatimi a gefe huɗu. Na farko ya cika shi da katunan gayyatar biki, don 'yan baya su san ana nemansa. Na biyu 'yan ƙananan takardun lambar layi ne na ofisoshi, ya rubuta masa "Hulɗa da Hukumomi". Na uku, wanda ya fi so, jawabai ne arba'in da biyu da ya shirya wa taruka daban-daban, waɗanda masu shirya tarukan, saboda hassada, ba su taɓa kiransa ya karanta ba. Akwai kwalin wasiƙun da ya aika wa manya. Amsa ba ta zo ba ko ɗaya, amma bai bar gurbin haka ba: bayan kowace wasiƙa ya saka farar takarda, ya rubuta "An karɓa cikin shiru na girmamawa". Akwai hotunan da kafaɗarsa ta fito a gefen wasu mashahurai. Har takardar maganin basir ta samu shiga, ƙarƙashin taken "Kwanakin Jarrabawa".

Da aka zo jera kwalayen a falo sai wuri ya ƙi isa. A kusurwar da ta fi kyau akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe, wadda ke nan tun kafin a haife shi. Sau ɗaya ya taɓa buɗe ta. Takardu ne jajaye, da Larabci da ajami irin na mutanen da, rubutun da ya ce in ya duba sai ya ga kamar tururuwa ce ta faɗa tawada. Zubar da su bai yiwu ba, don watakila da sunan Allah a ciki. Sai ya ja adakar da kansa, yana nishi, ya kai ta saman bene ya tura ƙarƙashin tankin ruwa, wanda ya shekara yana ɗiga.

Yana fita aski Rabi'atu ta kira yayarsa, Hajiya Jawahir, can unguwar Rusaifa. Kafin wanzami ya gama daidaita gemun Jagora, tasi ta zo ta tafi.

Ranar Alhamis bayan La'asar falo ya cika. Ustaz ya gayyato dattawan unguwa su zama shaidu. An kunna turaren wuta, gahawa na zagayawa, shi kuwa ya sha farar jallabiya da alkyabba mai bakin zinariya, wadda ya aro da sunan zai duba ɗinkinta. Dakta Mubina ta iso da maigidanta. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Wannan ya yi wa Ustaz daidai, don ba ya son a katse shi.

Ya miƙe, ya yi gyaran murya sau uku.

"Ya jama'a! Akwai masu karanta tarihi, akwai masu rubuta tarihi, akwai kuma 'yan ƙalilan da su ne tarihin. Ba zan faɗi rukunin da nake ciki ba, saboda tawali'u. Ni dai roƙona ga jami'a, ɗakin da za a ware wa wannan taska ya kasance mai sanyi. Sunana kuma a ƙofa kada a cika girman haruffan. Kamu ɗaya ya isa."

Dattawa suka ce ma sha Allah, suna kai hannu farantin dabino. Dakta ta bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Ta daɗe a kan farar takardar shiru na girmamawa, har ta juya bayanta. Ustaz ya raɗa wa na kusa da shi cewa abin ya ratsa ta.

Sannan ta ɗago. "Allah ya saka da alheri, Ustaz. To ina takardun Alƙali?"

"Wa?"

"Alƙali Yakubu. Kakanku."

"Oh, tayyib, tayyib, madalla. Waɗannan ai share fage ne. Suna wuri na musamman."

Ya haye bene da saurin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Ƙarƙashin tanki babu komai sai shatin adaka da wata tattabara da ke shan ruwa. Ya leƙa bayan tanki, ya leƙa cikinsa. Ya tsaya cikin zafin rana, alkyabbar aro tana jiƙewa da gumi. Dattawa goma sha biyu na ƙasa suna jira, kuma ya san kafin Magariba labarin zai kai har unguwar Aziziyya.

Yana saukowa yana harhaɗa wani bayani mai ɗauke da kalmar "amana", sai ya ji muryar da tun yana yaro take sa shi gyara tsayuwa.

"Ku matsa mini, bayin Allah. A hankali da ita, direba, ƙasanta ya ci."

Hajiya Jawahir ce, wadda shekarunta suka ba ta izinin shiga duk falon da ta ga dama. Aka dire adakar a tsakiya. Ta zauna a ƙasa, ta buɗe, ta ɗauko takarda ta fara karantawa ba gargada, yadda kakarsu ta koya mata a lokacin da Mahmudu ke waje yana koyon sa hannu mai lanƙwasa. Wasiƙa ce da Alƙali ya rubuta wa ƙanensa daga Sudan, yana ba da labarin damina biyu da suka yi suna noman auduga kafin su samu jirgin ruwa, da 'yarsa da ya binne a hanya. Ƙarƙashinta ga hukunce-hukuncen shari'ar gonaki da hannunsa, ga kuma takardar da ya ajiye aiki da ita, layi biyar kacal.

Wani dattijo ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce ashe tare suka taho da kakansa, ga sunan nan an faɗa. Dakta Mubina, wadda tun zuwanta ba ta ɗaga murya ba, ta durƙusa gefen Hajiya. Jama'a suka zagaye su, kowa ya juya wa kwalaye goma sha ɗaya baya. Wani ma ya zauna a kan "Hulɗa da Hukumomi" don ya fi gani.

Jagora ba ya barin taro ya tafi ba shi. Ya kutsa ya buɗe hannuwa.

"Kamar yadda kuke gani, ni na ba da umarni a kai wa Yaya wannan amana, don a tsare ta yadda ya kamata."

Hajiya ba ta ko ɗago ba. "Ƙarƙashin tanki na same ta, Mamuda. Miƙo mini gahawa."

Ya miƙa.

Aka yi shawara cewa Dakta za ta tafi da takardun masaukinta a Aziziyya, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa Hajiya kafin ta koma gida. Sai dai adakar ba za ta sake jure ɗauka ba, tsatsa ta cinye gindinta. Dakta ta waiwaya ta dubi jerin kwalayen, sannan ta dubi mai su.

"Ustaz, in ba za ka damu ba, akwai abu ɗaya da nake roƙo daga taskarka."

Ran Ustaz ya dawo jikinsa. Tumbi ya koma mazauninsa. Ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida, ya taka da ƙasaita ya rungumo kwali na uku.

"Na san idon masani ba zai tsallake shi ba. Jawabai arba'in da biyu, ya Dakta. Halas, shi ke nan, na ba jami'a, kyauta."

Ta ƙwanƙwasa gefen kwalin da yatsa, ta duba ƙasansa, fuskarta ta washe.

"Wallahi shi nake so, ya fi sauran ƙwari. Don Allah a juye mini shi, in zuba takardun Alƙali a ciki."