Rasuwar Opal, Mai Gadin Gidan Tackett

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin bandeji, Mista Delbert Tackett na ƙarshen titin coci, daura da shagon abincin shanu, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan 'yan ƙungiyar maharba rasuwar abar ƙaunarsa, abokiyar kwanansa, mai gadin gidansa, Opal, libarba, bindigar hannu mai ciki shida, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis ta Bikin Godiya, bayan an gama da talotalo, kafin a yanka kek ɗin kabewa. A hannunsa ta cika. Ta kuma tafi da wani ɓangare na hannun.

Da yake mai makoki ba ya iya riƙe alƙalami yanzu, likita kuma ya ce ko nan gaba sai dai ya koya da hagu, shi ne ya faɗa, yayarsa Wilma ta rubuta. Inda kuka ya ci ƙarfinsa ta jira shi. Inda ya tsallake wani abu ta cike masa.

Marigayiyar ta shigo gidan Tackett ne a shekarar da aka yi ta yamaɗiɗi cewa an fasa garejin wani mutum a gundumar da ke gaba da tamu an sace injin yankan ciyawa. Delbert ya ce gidan da ke da mace da 'yar yarinya ba ya zama babu mai gadi. Ya sa matarsa Marlene a a-kori-kurarsa suka nufi shagon tsoho Hoyt, wanda ya sayar wa rabin garin nan bindiga, ya kuma halarci jana'izar wasunsu. Hoyt ya saurare shi har ya gama, sannan ya ajiye wata 'yar madaidaiciya a kan kanta.

"Ɗana, gidanka na katako ne, bangonsa ko da cokali sai ka huda shi. Ɗauki wannan. Ba ta da nauyi, ba ta shurin mai ita, matarka ma za ta iya da ita. Ka haɗa da harsashi mai rami a baki, wanda in ya shiga abu yake bajewa ya tsaya nan, ba ya zarcewa ɗakin yarinya."

Marlene ta ɗauka ta juya, ta ce ta zauna mata a hannu. Delbert ko kallonta bai yi ba. Idonsa na can ƙarshen gilashi, kan wata ƙatuwa mai dogon baki da ƙotar katako mai sheƙi.

"Waccan fa, Baba Hoyt?"

"Waccan ta aladen daji ce. Harsashinta zai ratsa ɓarawo, ya ratsa bango, ya ƙarasa ya gaida maƙwabcinka."

"To ai ita nake nema! Dube ni da kyau, na yi maka kama da mai sayen bindigar jakar mata?"

Haka aka ɗaura wannan aure, Marlene tana tsaye tana shaida. Kafin su iso gida ya raɗa wa amarya suna Opal, sunan mahaifiyarmu. Mai rubutun nan ba ta manta ba, lokacin da aka haifi 'yarsa ta roƙe shi ya sa mata wannan sunan, ya ce sunan tsofaffi ne, ya sa Krystal.

Mai makoki ya nemi a faɗi kyawawan halayen marigayiya, kuma suna da yawa. Ba ta taɓa tambayarsa inda ya tsaya ba. Ba ta taɓa ce masa ya rage giya ko ya gyara rufin baranda ba. Kowace Lahadi, da an sauko daga coci, yakan shimfiɗa mata tsumma mai laushi a kan teburin cin abinci ya shafe ta da mai, ciki bayan ciki, yana yi mata hira ƙasa-ƙasa, abinci kuwa sai ya jira a gama. Da farko a aljihun tebur na gefen gado take kwana. Daga baya ya ga nisan ya yi yawa in ɓarawo ya shigo, ya maido ta ƙarƙashin matashi, Marlene ta koma doguwar kujerar falo. Wuri ya ishi kowa, ba a sake jin kan kowa ba.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. In ya juya cikinta takan ce *tirrr*, in ya ja mata kunne baya ta ce *ƙas-ƙas*, kuma Delbert ya rantse babu kiɗan da ya kai wannan daɗi. Amma in ta buɗe baki da gaske ta ce *daram*, har shanun Rodney, ƙanin Marlene, sukan ɗaga kai daga can hayin rafi. Kunnen hagun mai makoki ya ji wannan murya har ya ƙoshi, tun tuni ya daina jin ta kowa.

A duk tsawon aikinta ba ta taɓa haɗuwa da ɓarawo ba, kuma Delbert ya ce wannan shi ne babbar shaidar ƙwarewarta. Duk da haka ba ta zauna haka nan ba. Wata Lahadi ana cikin shafa mata mai ta yi magana ba a tambaye ta ba, harsashin ya bi ta bangon kicin, ya ratsa firji da tulun madarar da ke ciki, ya ƙarasa akwatin wasiƙun maƙwabci, daidai yadda Hoyt ya yi mata shaida. Wata safiya kuma ta hango wani abu ja yana kewaya akurkin kaji, ta yi aikinta da harbi ɗaya tak. Ashe Biscuit ne, karen Krystal. Delbert ya nuna wa yarinyar cewa daga nesa kowa zai ɗauka dila ne, ya kuma ja hankalinta ga kyawun saitin. Krystal ta haƙa ramin da kanta a gindin bishiyar bayan gida. Tana gama sakandare ta tafi Tulsa, ba ta ƙara kwana a gidan ba.

Ciwon ajali ya soma ne bayan mai makoki ya ajiye aiki a rijiyoyin mai. Ya kafa inji a gareji yana ɗura harsashinsa da kansa, kamar yadda rabin 'yan ƙungiya suke yi. Akwai littafin da ke faɗin awon albarushi, kowa da shi yake aiki. Delbert ya ce matsorata ne suka rubuta shi don matsorata, kuma Opal ba 'yar a yi mata awo ba ce. Sai ya riƙa ƙara mata da ido, kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Waɗanda ya fi cikawa ya ɗiga musu jan fenti a gindi, ya ce na ranar da ɓarawo zai zo ne. Alamun ciwo ba su ɓuya ba. Kwanson harsashi ya fara maƙale mata a ciki, sai an sa sanda an doke shi yake fita. Hoyt ya ɗauki ɗaya ya duba yadda ya kumbura, ya ce, "Ɗana, tsakanin kai da ita, ɗaya zai binne ɗaya." Delbert ya dawo gida yana ba da labari cewa har Hoyt ya tsorata da ƙarfinta.

A nan mai makoki ya ce a tsallake zuwa ranar rasuwa. Ba za a tsallake ba.

Krystal ta haihu a bara, 'ya mace, Junie. Delbert bai taɓa ganinta ba sai a waya. Mai rubutun nan ta sha samunsa a baranda yana ƙura wa hoton ido yana share hanci, kuma ta shaida yana son jikar nan, so na gaskiya, har tausayinsa ya kama ta. Da aka matso Bikin Godiya, Marlene ta yi ta lallashi har Krystal ta yarda za ta kawo yarinyar, bisa sharaɗi ɗaya: Opal za ta wuni a kulle cikin akwatin ƙarfe, mabuɗi a aljihun Marlene.

"Baba, in na ko hango ƙotarta, wallahi kai da Junie sai a hoto."

Ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse. Hannun dama ne. Ya sauko da tsohuwar kujerar cin abincin Krystal daga saman rufi, ya goge ta, ya yi mata sabon fenti, ya ajiye ta a bakin tagar kicin don jikarsa ta riƙa kallon bayan gida.

Ranar ta zo, suka iso. Krystal ta miƙa masa yarinyar tun daga ƙofa ta ce, "Baba, karɓe ta mana." Don tsabar murna ya ji tsoron kada ta suɓuce masa. Ya ce a bari a ci abinci ya natsu, bayan kek zai ɗauke ta ba zai sauke ba sai yamma.

An ci an ƙoshi. Kamar kowace shekara, maza suka fita bayan gida, Rodney ya jera ragowar kabewa a kan shinge, ya zaro sabuwar bindigarsa ta zamani, baƙa wuluk mara nauyi, ya fara fasa su. Delbert na tsaye hannu a aljihu. Rodney ya waiwayo ya dube shi.

"Mijin yaya, ina tsohuwar? An kai ta gidan gajiyayyu ne? Ni fa na ji an ce har mabuɗin wandonka yanzu a aljihun Marlene yake."

Aka yi dariya. Delbert ya haƙura da ta farko, ya haɗiye ta biyu. A ta uku ya tuna cewa akwatin ƙarfe da mabuɗi biyu ake sayar da shi, kuma na biyun yana cikin takalminsa tun safe. Ya zagaya ta ƙofar gareji don kada mata su gan shi. Ya fito da ita, ya ɗura mata masu jan fenti, don Rodney ya san bambancin bindiga da abin wasan yara. Ta ce *ƙas-ƙas*, karo na ƙarshe.

Kalmarta ta ƙarshe ba *daram* ba ce. Waɗanda suka ji sun ce kamar an jefa tukunyar gas cikin wuta. Cikinta ya tsage, bayanta ya tashi sama, babban yatsan mai makoki da manuninsa suka bi ta. Wani guntun cikinta kuma, mai kaifi kamar bakin gatari, ya fasa tagar kicin ya kafe a jikin kujerar nan mai sabon fenti, gefen kunnen Junie, tazarar da ba ta kai faɗin yatsan da aka rasa ba. Yarinyar ta tsala ihu. Krystal ba ta yi ihu ba. Ta sa wuƙar yankan talotalo ta ɓanɓaro ƙarfen, ta jefa a jakarta, ta ɗauki 'yarta ta wuce ta gaban ubanta yana durƙushe cikin jini, ta tada mota. Kabewar da aka auna tana nan kan shinge lafiya lau.

Marlene ce ta naɗe masa hannu da mayafin tebur, ta kai shi asibiti, ta zauna a bakin gadonsa riƙe da hannun da ya rage har ya farfaɗo. Ya buɗe ido ya dube ta, hawaye na bin kuncinsa.

"Opal fa? Kina ganin Hoyt zai iya gyara ta?"

Marlene ta ajiye masa hannunsa a kan bargo a hankali, ta ɗauki jakarta. Tana Tulsa yanzu, ta kuma canja lambar waya.

Marigayiyar ta rasu ta bar kube ɗaya na fata da ba shi da mai shiga, da kwalbar mai da aka sha rabi, da 'ya'ya masu jan fenti cike da gwangwani a gareji, waɗanda 'yan sanda suka ce kada kowa ya taɓa. Ta bar firji mai tabo, da taga da aka toshe da kwali, da kujerar yara mai rami. Ta bar mai makoki da yatsu takwas da kunne ɗaya. Ta tsare gidan Tackett tsakani da Allah, har sai da ba a bar kowa a cikinsa da za a tsare ba. Allah ya ba shi haƙurin wannan rashi, don shi kaɗai yake kira rashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan gida, a gindin bishiya, kusa da Biscuit, wanda ba a nemi izininsa ba. Fasto ya ce yana da wani uzuri. Rodney zai haƙa rami, tunda shi ya fara haƙa shi da bakinsa. Ba za a yi harbin ban-kwana ba. Masu zuwa gaisuwa su zo da abincinsu, babu mai girki a gidan, kuma ba sai sun ƙwanƙwasa ba, ƙofa a buɗe take.

A maimakon furanni, mai makoki yana roƙon duk wanda ya san sabuwar lambar Marlene ko ta Krystal ya taimaka masa da ita don girman Allah. Mai rubutun nan ta ajiye alƙalami da ta ji haka, ta ɗauka abin da take fata ne ya zo, gafararsu zai nema. Ya ce a'a, ba zai ɗauki lokacinsu ba. Guntun nan da ke jakar Krystal yake so a aiko masa kafin Asabar, don ba ya son a binne Opal ba a cike ba.